Yaron da Ba Ya Gani, Shi Ma A Auna Shi

Mutane da yawa suna tsammani yaro makaho dole ne ya tashi ƙarami, marar ƙarfi, wai haka halittarsa ta ke. Mu ba mu yarda da wannan magana ba. Ido ba shi ke gina ƙashi da tsoka ba. Abinci ne, da lafiya, da motsa jiki. In yaron da ba ya gani ya tsumbure, yawanci ɗaya daga cikin ukun nan ne ya rasa.

Ku duba yadda mu ke cin abinci. Yara biyar su kewaye akushi guda. Masu ido sun ga inda miya ta taru, sun ga tsokar nama, hannunsu yana sauri. Shi kuwa sai ya lalluba. Kafin ya kai loma uku, an suɗe akushi. Ba wanda ya yi mugunta, amma kullum da yunwa ya ke tashi. Bayan haka uwa tana tsoron kada ya faɗa wuta ko rijiya, sai ta zaunar da shi a tabarma wuni guda. Ƙafar da ba ta tafiya ba ta yin ƙwari.

To, ta yaya za mu gane yana girma ko ba ya girma? Sai da awo, domin wanda ya ke ganin yaro kullum ba ya lura da ramarsa. Jariri lafiyayye a kan haife shi da nauyin kilo 3 ko wajen haka. A wata 5 ko 6 nauyin ya ninka, a shekara guda ya ninka uku. Tsawonsa ran haihuwa kamar santimita 50 ne, a shekara guda 75, a shekara 4 ya kusa mita guda. Wannan ma'auni ɗaya ne ga mai ido da makaho. Katin awon da a ke ba ku a asibiti ma a ƙasar nan aka fara shi: Likita David Morley ne ya tsara irinsa a garin Imesi-Ile, a ƙasar Yarabawa, wajen ƙarshen shekarun 1950. Kowane wata a sa ɗigo a katin. In ɗigon yana hawa, madalla. In ya tsaya wuri guda wata biyu ko uku, akwai abin bincike.

Mun san halin hanyoyinmu. Mutumin ƙauyen da ke gefen dajin Kamuku, ko Kuyello, ko Dogon Dawa, ba kullum ya ke samun zuwa inda sikeli ya ke ba. Akwai awon da a ke yi a gida. Ku roƙi ma'aikacin lafiya ya ba ku zaren awon damtse, mai ja da rawaya da kore. Na yara ne daga wata 6 zuwa shekara 5. A zagaya shi a tsakiyar damtsen hagu, kada a matse. Kore, watau santimita 12 da rabi ko fiye, lafiya. Rawaya, a ƙara abinci. Ja, watau ƙasa da 11 da rabi, a kai shi asibiti ran nan. Tsawo kuwa, a tsai da shi jikin bango a yi zane da gawayi. Ku kama hannunsa ya shafa wurin, ya ji ya wuce na bara.

Awon tsawo ba baƙo ba ne gare mu. Tun 1991 aka fara raba maganin Mectizan a ƙasar Birnin Gwari saboda makantar da cizon baƙin ƙudan rafi ke kawowa, kuma da sanda mai zane a ke auna mutum kafin a ba shi. Yaron da bai kai santimita 90 ba, ba a ba shi. Amma wannan ciwo manya ya fi makantarwa. Abin da ya fi cin idon yara shi ne ƙyanda da rashin bitamin A, su ne kuma ke hana girma. Yaron da ya fara dundumi, watau ba ya gani da magariba, jikinsa ne ke neman hanta, ƙwai, manja, zogale, kabewa, mangwaro da gwanda. A yi masa allurar ƙyanda a wata 9, a karɓi ɗigon bitamin A kowane wata 6. Kada a ɗiga wa ido ruwan ganye ko wani haɗi na gida. In an ga fari a tsakiyar ƙwayar ido, a nemi likitan ido da wuri, akwai babbar cibiyarsu a Kaduna. Yanar ido ana cire ta.

Yaron da ba ya gani ya kan makara wajen rarrafe da tafiya, don ba abin da ya hango balle ya bi. Wannan ba ciwon ƙafa ba ne. Ku kira sunansa daga nesa kaɗan, ku kaɗa ƙwarya da tsakuwa a ciki, ya biyo ƙara. A rufe rijiya, a kange murhu, a bar shi ya zagaya tsakar gida. Abincinsa kuma a zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, a gaya masa abin da ke ciki, wani babba ya zauna kusa har ya gama.