Taswirar Gari Daga Sama

Akwai wata irin taswira mai nuna gari kamar yadda shaho ke hango shi daga sama. A cikinta muna ganin gidaje, da tituna, da kogi, har da itatuwa. An yi yayinta a Amurka shekara fiye da ɗari da suka wuce.

Bari mu duba ta gari guda, watau Fort Worth, a jihar Texas. A 1849 aka kafa shi. Da fari sansanin soja ne a bakin kogin Trinity, iyakar inda Turawa baƙi suka kai. Gaba da nan ƙasa tana hannun mutanenta na asali. Da soja suka tashi, sai 'yan kasuwa suka zauna. Fataken shanu kuma suna bi ta nan za su arewa.

A 1876 wani mai zane, D. D. Morse, ya zana garin. Sa'an nan kuwa babu jirgin sama, sai a 1903 aka fara tashi da shi. To, ƙaƙa aka hango gari daga sama? Masu wannan sana'a da ƙafa su ke yinta. Mutum ya bi titi titi, yana zana gida gida a littafinsa. Sa'an nan ya zauna ya harhaɗa, kamar yana bisa wani dogon dutse. Daga baya a kwafe zanen a kan dutse mai santsi, a shafa tawada, a buga da yawa.

Mutanen gari ke saye. Su kan aika wa na nesa, don su yi sha'awa su zo su zauna, ciniki ya ƙaru. Saboda haka mai zane ya kan gyara gari. Ya share titi, ya ɓoye taɓo da juji. An ce gani ya kori ji, amma gani ma sai da lura. In an nuna mana hoto, mu tambaya wa ya yi shi, don me kuma.

Duk da haka taswirar tana da amfani. A watan Yuli na 1876 jirgin ƙasa ya iso, gari ya bunƙasa. A 1886 Henry Wellge ya sāke zana shi. In muka jera biyun, sai mu ga abin da shekara goma ta kawo. A ƙidayar 2020 mutanen garin sun wuce 900,000.