Me Sikeli Ke Faɗa Game da Nauyin Jikinka?

Yawancin mutanen Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa a asibiti suka san sikeli, wurin awon ciki ko awon jarirai. Yanzu kuwa masu neman rage ƙiba na sayensa su ajiye a gida, sai dai da yawa suna hawa da rana tsaka su tayar da hankalinsu a banza.

Nauyin mutum kan hau ya sauka da kilo 1 zuwa 2 a yini guda, saboda ruwa, gishiri da tuwon da ke ciki. Don haka a hau da safe, bayan an zaga, kafin karin kumallo, a kan daɓen siminti, domin tabarma ko yashi na ɓata lissafi. A rubuta, a kwatanta mako da mako. Ragin rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ya wadatar.

Sikeli ba ya bambance kitse da tsoka, shi ya sa manomin da ya sha aikin damina zai iya rage tumbi nauyinsa bai motsa ba. A riƙa auna ƙugu da tef ɗin tela: kada ya wuce rabin tsayinka.

Wanda kuma yake ramewa ba gaira ba dalili, ya garzaya Babban Asibitin Kazaure ko asibitin da ke kusa a duba shi, domin ciwon suga da tarin fuka kan fara da haka.