Ba A Cinikin Biri A Sama: Duba Tsatsa Kafin Ka Sayi Motar Shiga Fadama

Akwai wani aminina, manomin shinkafa a fadamar da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, wanda ya yi shekara uku yana tara abin da gona ta ba shi don ya sayi a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, ya huta da biyan kuɗin dako. Da kuɗi suka cika sai dillali ya kawo masa wata fara fat, fenti na sheƙi, inji na kaɗawa kamar agogo. Ya zagaya ta sau biyu, ya doki tayoyin da ƙafa, ya shiga aka kai shi bakin gari aka dawo da shi, nan take aka yi ciniki, dillali ya karɓi la'adarsa. Ba a yi wata biyar ba, ran nan ta ɗauko buhunan shinkafa daga gona, ta faɗa wani ɗan rami, sai aka ji ƙas! Bayan motar ya zauna a kan taya. Da aka kira mai walda ya leƙa ƙarƙashi, sai ya sa yatsa ya ɓantaro ƙarfen kamar ɓawon rogo, ya ce, "Alhaji, ai ba yau ta karye ba. Tun kafin ta zo hannunka tsatsa ta gama da ita, yau dai ta faɗi ne."

Allah ya kiyaye ba a yi hasarar rai ba, amma gumin shekara uku ya tafi. Abin da ya sa muka kawo wannan labari shi ne, mutanenmu da yawa in za su sayi tsohuwar mota inji kaɗai suke saurara, su dubi fenti da kujeru, alhali kuwa inji in ya lalace ana sauke shi a ɗora wani, amma ƙashin mota, watau abin da makanikai ke kira casis, in ya ruɓe mota ta ƙare.

Daga ina tsatsa ke zuwa?

Mai karatu zai ce, ina ruwan ƙasar Kabi da tsatsa, ƙasar da ruwan sama ba ya wuce wata huɗu ko biyar, sauran shekara sai rana da hunturu? Gaskiya ne, busasshiyar iskarmu tana jiƙan ƙarfe, shi ya sa motar da ta yi rayuwarta duka a Sakkwato ko Birnin Kebbi a kan kwalta takan tsufa ƙashinta garau. To, amma yawancin motocin da ake sayarwa a hannu na biyu ba nan aka fara hawansu ba.

Tsatsa ba ta kama ƙarfe sai ruwa da iska sun haɗu a kansa, gishiri kuwa shi ne ke ƙara mata sauri. A arewacin Amurka da Kanada da ƙasashen Turai da yawa, in sanyi ya yi tsanani ƙanƙara ta rufe hanya, hukuma kan watsa gishiri a kan titi don ta narke. Tayoyi su yi ta fesa wannan ruwan gishiri a ƙarƙashin mota, ya shiga kowane lungu ya kwanta, shekara bayan shekara. Irin waɗannan motoci ne ake lodawa a jirgin ruwa a kawo Ikko ko Kwatano, a wanke su, a goge, a ce da su tokumbo ko 'yan Beljiyam. Kada a ɗauka sunan kamfani kariya ne. A Amurka a 2016 kamfanin Toyota ya amince da wani sulhu na kusan dala biliyan 3.4 saboda ƙarar da aka kai shi kan tsatsar ƙashin motoci wajen miliyan ɗaya da rabi, watau Tacoma ta 2005 zuwa 2010, da Sequoia ta 2005 zuwa 2008, da Tundra ta 2007 da 2008. Duk wanda aka kawo wa ɗaya daga cikin waɗannan, lalle ya san inda zai fara dubawa.

Hanya ta biyu ita ce ambaliya. Guguwar Katrina a 2005, da Sandy a 2012, da Harvey a 2017 sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a Amurka, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu, waɗansu kuwa suka ƙetare teku. Ba sai mun je nesa ba ma. Ambaliyar 2012 da ta 2020 da ta 2022 sun shafi Jihar Kebbi, ta 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawan gaske, ta yanke hanyoyi, kuma ba gona kaɗai ruwa ke shiga ba, har da garejin mutane.

Ta uku ita ce fadamarmu kanta. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, noman rani ya bunƙasa, motoci suka riƙa shiga fadama rani da damina. Laka in ta shiga cikin kogon ƙashin mota ba ta fita da kanta, sai ta zauna ta riƙe danshi wata da watanni, ko da a waje rana na ƙuna. Ga kuma takin zamani da ke zubewa a bayan a-kori-kura, wanda yake jan danshi yana cin ƙarfe kamar gishiri, ga ruwan kifin da ake ɗaukowa daga bakin gulbi. Saboda haka motar gida ma ba ta tsira ba, in dai an yi aikin fadama da ita ba a wanke ƙarƙashinta.

Shiri kafin a tafi

Ka tafi da rana tsaka, kada ka yarda a nuna maka mota da magariba ko a cikin rumfa mai duhu. Ka tafi da makaniken da ka amince da shi, wanda kai ne za ka biya shi, ba na mai mota ko na dillali ba. In da hali ka haɗa da mai walda, domin shi ya fi kowa sanin ƙarfe mai rai da matacce. Kayan aikin ba su da yawa: tocila mai haske, ƙaramar guduma, sukudireba mai tsini, ɗan mayen ƙarfe, da tabarmar da za a kwanta a kai. Mafi kyau a kai motar gareji mai rami, ko wurin wankin mota inda ake hawar da ita, a wanke lakar ƙarƙashi a bari ta tsane. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. In mai mota ya ƙi yarda a kai ta rami, ko ya ce kada a ƙwanƙwasa, to ya riga ya ba ka amsa, sai ka yi masa godiya ka kama hanya.

Tsatsa iri uku ce

Ta fari ita ce ja-ja ɗin nan da ke kwance a saman ƙarfe, wadda in an goga da burushin waya sai ƙarfe ya fito sumul. Wannan ba abin tsoro ba ce, da wuya a sami tsohuwar mota da ba ta da ita. Ta biyu ita ce wadda ta yi ɓawo, ƙarfe ya kumbura yana ɓarewa falle-falle. Dalili kuwa, tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cika wuri, don haka takan tura fenti ya yi ƙuraje, ta buɗe bakin walda. Wannan ta riga ta rage kaurin ƙarfe, sai an kankare a ga abin da ya saura. Ta uku ita ce wadda ta huda, ko ta bar ƙarfe ya yi laushi har sukudireba ya shige. In a ƙofa ne ko murfin inji, ana iya gyarawa. In a ƙashin mota ne, babu sauran ciniki.

Inda take ɓuya

Motocin shiga daji, irin su Land Cruiser da Hilux da Patrol da tsohuwar Land Rover, an gina su ne a kan dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa da gajeru a gicciye, kamar tsani a kwance, sa'an nan aka ɗora bodi a kai. Ka fara daga baya, domin can ne taya ke jefa laka. Ka bi kowane dogon ƙarfe da guduma taki-taki. Ƙarfe mai lafiya yakan yi amo mai zaƙi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ɗif, kamar ka bugi tulun da ya tsage, wani lokaci har garin tsatsa ya zubo. Ka tsananta dubawa a wuraren da nauyi ke sauka: inda sifirin ya kama ƙashi, inda shokazoba ta kama, saman inda ƙashin ya lanƙwasa ya haye kan ƙafar baya, gefen tankin mai, ƙarfen gicciye na ƙarshe inda ake ɗaura abin ja, da kunnuwan da bodi ke zaune a kansu. Ka sa yatsa a cikin ƙananan ramukan da kamfani ya bari don ruwa ya fita. In yatsa ya fito da laka ko ɓawon ƙarfe, ka sani tsatsa tana ci daga ciki, ita ce kuwa mafi sharri, don ido ba ya ganinta sai ta gama.

Sa'an nan ka bi siraran bututun birki da na mai da ke manne a jikin ƙashin. Na ƙarfe ne, in sun yi ƙuraje za su iya fashewa a daidai lokacin da direba ya taka birki da ƙarfi. Sauya su ba tsada, amma rashin duba su yakan ci rai.

Kowace mota da inda ciwonta yake. Land Rover, wadda aka fara nunawa a Amsterdam a 1948, kuma Di'o-Di'o da ma'aikatan En'e suka yi ta rangadi da ita a ƙasashen Gwandu da Argungu, an yi bodinta da alminiyon ne, watau goran ruwa, saboda ƙarancin ƙarfe a Ingila bayan yaƙin duniya na biyu. Wannan ya sa mutane ke cewa ba ta tsatsa. Kuskure ne. Ƙashinta na ƙarfe ne, haka nan bangon da ya raba inji da direba, nan ne kuwa take ruɓewa, musamman wurin ajiye ƙafa da ginshiƙan da ƙofofi ke rataye. Inda alminiyon ya taɓa ƙarfe kuma za ka ga wani farin gari, shi ma ci ne. Land Cruiser kuwa, musamman samfurin 70 da aka fara a 1984, a duba kewayen gilashin gaba, da magudanar ruwan rufi, da kogon tayoyin baya, da ƙasan ƙofar baya. A-kori-kura a ɗaga robar da aka shimfiɗa a bayanta, domin ƙarƙashinta ne taki da ruwa ke kwana.

Dabarun ɓoyewa

Ba duk dillali ne macuci ba, sau da yawa shi ma haka aka kawo masa. Amma akwai alamun da ya kamata su tsayar da kai. In ka ga ƙarƙashin tsohuwar mota baƙi wuluk da sabon fenti mai kauri, har ya shafi notuna da robobi, ka tambayi kanka abin da aka rufe. Ka soka sukudireba a wuri biyu ko uku. In ka ga an manna faci da walda a jikin ƙashin, ka nemi dalili, domin facin da aka ɗora a kan ruɓaɓɓen ƙarfe rufin asiri ne na ɗan lokaci. A jikin bodi kuwa ka bi da mayen ƙarfe: inda ya ƙi kamawa an cike rami ne da fila aka yi fenti a kai. Wannan gwaji ba ya aiki a bodin alminiyon, can sai ido da ƙwanƙwasawa.

Motar da ta nutse ita ma tana da shaidu. Ka ɗaga kafet ka duba ko akwai lallausan yashi ko wari irin na rumbun da ruwa ya shiga. Ka leƙa ƙarafan da kujeru ke gudu a kai, waɗanda ruwan sama ba ya kaiwa gare su. Ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai zanen ruwa. Ka duba bakin wayoyin lantarki, in sun yi kore-kore ruwa ya kwana a wurin.

Kafin ka miƙe daga tabarma, ka nemi lambar da aka buga a jikin ƙashin, ka gwada ta da wadda ke cikin takardun mota da na kwastan. Tun 1981 motocin da aka yi don kasuwar Amurka suna da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, da ita ake iya binciken tarihin mota ta intanet, a ga jihar da ta zauna da ko an taɓa rubuta ta cikin waɗanda ruwa ya ci. In ka ga an yi walda ko an kankare kewayen lambar, ka janye hannunka, don wannan ya wuce batun tsatsa ya zama batun hukuma.

Yanke shawara

In tsatsar ta sama ce kawai, ka saya, ka sa a kankare a shafa fentin kariya. In ta yi ɓawo a bodi ko a bututu, mai waldarka ya ƙiyasta kuɗin gyara a gaban mai mota, a rage daga farashi. In ta huda ƙashi kusa da sifirin ko sitiyari, komai arahar motar ka bar ta, araha ba ta ado. Kada ka ba da kafin alƙalami sai an gama wannan dubawa, kada kuma kunya ta hana ka fasawa don an sha ruwa tare.

Wanda Allah ya ba shi mai lafiya kuma, sauran aiki na hannunsa. Duk ranar da mota ta fito daga fadama a wanke ƙarƙashinta, a zura ruwa cikin kogon ƙashin har ya fito fari, a buɗe ramukan da suka toshe, a share takin da ya zube tun bai kwana ba, kafin damina kuma a fesa mai ko a shafa giris a lungunan da muka ambata.

Aminin nan nawa ya sake tara kuɗi ya sayi wata. Ranar cinikin, an ce ya fi sa'a guda kwance a ƙarƙashinta da babbar rigarsa a naɗe, shi da mai walda, dillali na tsaye yana duba agogo. Har yau tana ɗauko masa shinkafa. Allah ya sa mu dace, ya tsare mana dukiya da rayuka a kan hanya, amin.