Auren 'Ya'yan Shehu Mata da Ginin Daular Sakkwato

A Turai akwai gidan sarauta na Jamus mai suna Saksi-Koburg, wanda ya sami mulki ta hanyar aure. Ɗan gidan, Albat, ya auri Sarauniya Biktoriya a 1840, ɗansu kuma ya hau gadon Ingila a 1901 ta wajen uwa tasa. A Sakkwato aure ya yi wani aiki dabam.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya aurar da 'ya'yansa mata ga manyan jama'arsa. Hadiza ta auri Malam Tafa, ta haifi Abdulƙadir ɗan Tafa, shahararren malami. Fatsuma ta auri Aliyu Jeɗo, Sarkin Yaƙi. Nana Asma'u ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Muhammadu Bello, ɗanta Abdulƙadir kuwa ya gaji ubansa. Wazirci ya zauna a gidan Giɗaɗo har zamanin Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Maryamu kuma ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta ƙulla Kano da Sakkwato.

Abin lura shi ne, sarautar Sarkin Musulmi ta wajen uba ake gadonta, ɗan mace bai taɓa hawa ba. Saboda haka jikan Shehu ta wajen uwa yana da alhurmar gidan, amma ba shi da hakkin gado. Watau aure ya samar wa sarakunan mataimaka na jini waɗanda ba za su yi jayayyar sarauta da su ba.