Ɗaukar hoton ƙurajen yaro da dare: yadda zai fito sarai

Ƙuraje sun feso wa yaro da tsakar dare, an ɗauke wuta, asibiti kuma da nisa. Abin da iyaye mata da yawa ke yi shi ne su ɗauki hoto su tura wa wata ma'aikaciyar jinya ta WhatsApp. Sai dai galibin hotunan da ke zo mana dishi-dishi suke, ba a iya bambance ƙurajen zafi da ƙarambau.

Ga dalili. Kyamarar waya tana saita kanta ne ta hanyar neman inda haske da duhu suka rabu, kamar gefen ƙurji. A cikin duhu ba ta ganin wannan iyaka, sai ta yi ta lalube. Kuma tana barin idonta a buɗe na ɗan lokaci don ta tara haske, shi ya sa ɗan motsin hannu ke ɓata hoton.

Da farko, uwargida, goge gilashin kyamarar da gefen mayafi. Maiƙon hannu kaɗai na iya dusashe hoto. Yi amfani da kyamarar baya, ta fi ta gaba ƙarfi. Kashe filashi, domin yana ƙyalli a fatar da aka shafa wa mai, ya ɓoye ƙurajen. Maimakon haka, wani ya haska miki fitilar caji ko tocilan wata wayar daga gefe, yadda tudun kowane ƙurji zai yi inuwa.

Kada ki matsa sosai. Yawancin wayoyi ba sa iya saitawa a ƙasa da kamar santimita 10, don haka ki bar tazarar taƙi guda. Taɓa wurin ƙurajen a fuskar wayar, ki jira su fito sarai. A wayoyi da dama, idan kika danne wurin na daƙiƙa biyu, saitin zai tsaya cak. Jingina gwiwar hannunki a kan katifa, ki ɗauka lokacin da yaron ya natsu. Ɗauki uku ko huɗu, ki zaɓi mafi kyau. Wajen turawa, danna alamar HD da WhatsApp ya ƙara a 2023, don kada hoton ya rage kyau. Ki bar fuska da al'aurar yaro a waje idan ba dole.

Amma hoto ba ya maye gurbin asibiti. Shawarar jariri ba a tantance ta da hasken fitila. Da hasken rana ake dubawa. Idan kuma ƙurajen sun zo da zazzaɓi mai zafi, sanƙarewar wuya, jijjiga, wahalar numfashi, ko yaro ya ƙi shan nono, ajiye wayar, ki goya shi ku tafi asibiti a daren, kada ki jira amsar kowa.