Wagina: Tsibirin Mutanen da Aka Yi wa Ƙaura Sau Biyu

In ka buɗe taswirar tekun Pasifik a wayarka, sai ka yi ta jawo ta kafin ka ga Wagina. Ɗan ƙaramin tsibiri ne a ƙasar Tsibiran Solomon, daga kudu maso gabashin babban tsibirin Choiseul. Ba shi da duwatsu masu tsawo, kurmi ne da fadama, ga kadoji a bakin ruwa. Mutanensa kimanin 2,000 ne, kuma yawancinsu ba 'yan asalin yankin ba ne. Kakanninsu daga tsibiran Gilbert suka fito, wato ƙasar Kiribati ta yau (Kiribas ake furtawa).

To me ya kawo su nan? A 1938 Turawan mulkin mallaka na Ingila suka ce wai jama'a ta yi wa kudancin Gilbert yawa, sai suka kwashi iyalai zuwa tsibiran Phoenix, inda babu kowa. Mutane suka shuka kwakwa, suka gina ƙauyuka, suka hayayyafa. Sai fari ya matsa, ruwan rijiyoyi ya koma gishiri-gishiri. A 1963 da 1964 aka sake kwashe mutanen tsibiran Orona da Nikumaroro zuwa Wagina. Ka ga ke nan akwai dattijon da jirgin gwamnati ya raba da gidansa har sau biyu.

Sabon wurin bai yi kama da gida ba ko kaɗan. Mutumin da ya tashi a kan rairayi da bishiyar kwakwa, yau ga shi da gatari a cikin kurmi, ga zazzaɓin cizon sauro da babu shi a ƙasarsu. Amma sun zauna. Ƙauyukansu uku ne: Kukutin, Arariki da Nikumaroro. Lura da na ukun, har sunan garin da suka baro suka taho da shi. Harshensu na nan, haka ma maneaba, babban zauren da suke taruwa a yanke shawara. Teku dai ita ce gonarsu, domin Wagina ce kan gaba a noman ciyawar teku a duk ƙasar. Ana ɗaura ta a igiyoyi cikin ruwa, in ta girma a shanya, a sayar zuwa ƙasashen waje.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙasa. Mutanen suna cewa Turawa sun yi musu alkawarin tsibirin, amma da Solomon ta samu 'yancin kai a 1978 mafi yawan filin ba ya cikin takardunsu. A ganina wannan sakaci ya fi farin muni, don fari ba wanda ya kawo shi, takarda kuwa a hannun mutane take.

Abin ya fito fili da aka ba wani kamfani izinin haƙar boksait, ma'adinin da ake fitar da alminiyam daga cikinsa, a fiye da rabin tsibirin. Mazauna suka ce ina! Laka za ta gangara teku ta kashe ciyawar da suke ci da ita, ruwan sha ma ya gurɓace. Suka ɗaukaka ƙara, kuma a 2019 kwamitin ba da shawara kan muhalli na ƙasar ya soke izinin. Ma'adinin dai yana nan kwance a ƙarƙashin gonakinsu.