Zakaran Gasar PGA ta 1998 da Hanyarsa da ta Ratsa Nijeriya

A ranar Lahadi, 16 ga Agusta, 1998, a wani filin ƙwallon lambu da ake kira Sahalee, kusa da birnin Siyatil a arewa maso yammacin Amurka, inda dogayen itatuwa suka tsare kowace hanyar wasa dama da hagu har ta ƙuntata ga ƙwararru, wani mutumin tsibiran Fiji mai suna Vijay Singh, yana ɗan shekara 35, ya ɗauki kofin gasar PGA, wadda take ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu da ma'abota wannan wasa suke auna darajar mutum da su. Sauran ukun su ne Masters da ake yi a Ogasta, da gasar Amurka, da ta Biritaniya wadda ta girme su duka, domin tun 1860 ake yin ta. Abin da ya sa na ga labarin ya cancanci a kawo shi ga mutanenmu shi ne, shekara goma kafin wannan rana, lokacin da ba mai ambaton sunansa a majalisar manya, a ƙasarmu Nijeriya aka fara buɗe wa wannan mutum ƙofar arziki.

Da yake galibin masu karatu a Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jigawa, sun fi sabawa da ƙwallon ƙafa da dambe da kokawa, ya wajaba a yi taƙaitaccen bayani a kan ƙa'idar wasan. Fili ne mai faɗi da aka haƙa wa ƙananan ramuka 18 a wurare dabam-dabam, tsakanin wani da wani akwai tazara mai tsawo, da ramukan yashi da kududdufai da aka ajiye da gangan domin su zama fitina ga mai wasa. Shi kuwa yana da sanduna da ba za su wuce 14 ba, da su zai riƙa bugun 'yar ƙaramar ƙwallo har ta faɗa rami, kowane bugu ana rubuta shi a kansa. Wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne ya ci. A babbar gasa kwana huɗu ake yi, kullum a zagaye ramukan sau ɗaya, watau ramuka 72 ke nan. Wani abin da ya bambanta wannan wasa da sauran kuwa shi ne amana, domin mai wasa da hannunsa yake sa hannu a takardar lissafin bugunsa, yana shaida cewa abin da ke cikinta gaskiya ne, kuma wanda aka tuhuma da ha'inci a cikinta, sunansa ya ɓaci a duk inda ake riƙe sanda.

Wannan tuhuma ce ta faɗa wa Singh tun yana saurayi. An haife shi a Lautoka a 1963, zuriyar Indiyawan da suka zauna a Fiji, mahaifinsa kuwa makanikin jiragen sama ne wanda ya koya masa riƙon sanda. A 1985, a wata gasa a Indonesiya, aka zarge shi da sauya lissafin takardarsa, aka dakatar da shi daga gasannin Asiya, alhali shi bai gushe ba yana musun zargin. Ba ni da hurumin yanke hukunci tsakaninsa da masu tuhumarsa, amma abin da ya yi bayan haka yana da ban sha'awa ƙwarai: ya tafi tsibirin Borniyo, ya kama aikin koyar da wasa a wani ƙaramin kulob a Keningau, a kan ɗan abin da ba ya wuce na abinci, kuma duk sa'ar da ya samu sarari sai ya koma fili shi kaɗai cikin zafin rana yana maimaita bugu ɗaya sau da yawa, kamar gardin da ke tilawa yana bitar haddarsa har ta zauna daram, ba don wani na sauraronsa ba. Wannan ɗabi'a ba ta rabu da shi ba har bayan ya yi suna, ta kai abokan hamayyarsa da kansu suna shaida cewa babu wanda ya kai shi daɗewa a filin gwaji.

A wancan zamani akwai jerin gasanni da ake yi a Afirka a watannin da sanyi ya hana wasa a Turai, ana zagayawa Nijeriya da Kwaddibuwa da Kenya da Zambiya da Zimbabuwe, inda matasan ƙwararru, galibinsu daga Biritaniya, kan zo neman abin guzuri da gogewa. Gasar Nijeriya, wadda aka saba yi a kulob ɗin Ikoyi a Legas, tana cikin masu daraja a jerin. A cikinta Sandy Lyle ya sami nasararsa ta farko ta ƙwararru a 1978, shi da daga bisani ya ci gasar Biritaniya a 1985 da Masters a 1988. Singh ya zo ya ci gasar Nijeriya a 1988, ya maimaita a 1989, a shekarar kuma ya haɗa da ta Kwaddibuwa da ta Zimbabuwe da wata a Italiya. Daga nan hanyar Turai ta buɗe, sa'an nan ta Amurka a 1993.

Da aka zo Sahalee, ya buga 70 a rana ta farko, 66 a ta biyu, 67 a ta uku, aka wayi gari ranar ƙarshe suna kunnen doki da Ba'amurke Steve Stricker, su biyun kuwa babu wanda ya taɓa cin babbar gasa. A rami na 11 ƙaddara ta nuna ikonta, domin bugunsa na biyu ya karkace ya doshi itatuwa, ƙwallon ta bugi itace, maimakon ta nutsa cikin kurmi sai ta dawo ta faɗa kan lallausar ciyawar da ke kewaye da ramin, ya fita da riba inda ake zaton asara. Wasu za su ce sa'a ce kawai, haƙiƙa kuwa akwai rabo a ciki. Sai dai a rami na 17, inda su biyun duka suka jefa ƙwallo cikin yashi, babu itacen da ya taimaki kowa, a nan Singh ya fita ba tare da asarar bugu ba, Stricker ya yi asarar ɗaya, kuma a ganina wannan rami shi ne ya biya shi ladan shekarun Borniyo. Ya kammala da 68, jimla 271, ya tsere wa abokin karawarsa da bugu biyu.

Bayan haka ya ci Masters a 2000, ya sake cin PGA a 2004, shekarar da ya yi nasara a gasanni tara a Amurka, ya karɓe matsayin na ɗaya a duniya daga hannun Tiger Woods, yana ɗan shekara 41.

To, mu a kudancin Jigawa wannan wasa bai yi mana nisan da muke zato ba. Marigayi Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi, Allah ya jiƙansa da rahama, wanda ya riƙe masarautar da Birnin Kudu da Gwaram suke cikinta daga 1995 har rasuwarsa a 2023, mutum ne mai ƙaunar ƙwallon lambu da dashen itatuwa, kuma da himmarsa aka kafa filin wasan da ke Dutse, wanda daga Birnin Kudu bai kai tafiyar sa'a guda a mota ba. Na san akwai masu ganin cewa wasan masu hannu da shuni ne, kuma ba su yi ƙarya ba, domin sanduna suna da tsada, kula da fili a ƙasa mai ƙarancin ruwa ya fi su tsada. Amma tarihin wasan cike yake da 'ya'yan talakawa waɗanda suka fara da ɗaukar wa manya jakar sanduna, suna lura da yadda ake tsayuwa da yadda ake bugu, har suka zarce iyayen gidansu. Abin da ke damuna shi ne tsanin da Lyle da Singh suka taka ya karye, tun da jerin gasannin nan na Afirka ya watse, gasar Nijeriya kuma ta rasa matsayin da take da shi a da, sabili da haka yaron da Allah ya ba baiwa a yau ba ya samun ganin ƙwararrun duniya a ƙasarsa, balle ya gwada kansa da su. Mayar da babbar gasa aiki ne na hukumomin wasanni da attajirai. Amma ware wa ɗaliban makarantun sakandare na Birnin Kudu da Gwaram rana ɗaya a wata a filin Dutse, da aron tsofaffin sanduna, da malami guda mai koya musu ƙa'ida da riƙon amanar takardar lissafi, wannan yana cikin ikon masarauta da ƙananan hukumomin biyu, kuma ina roƙonsu su duba shi.